Abin da Gangara ke So

Gonarmu ba a kwance take ba, a jingine take,
eka talatin a kafaɗar tudu, can sama da Dolgellau,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.
Rana uku ake samu, in an taki sa'a huɗu,
a yanka ciyawa, a shanya, a naɗe.
Injin da ya mutu a rana ta biyu
ya bar wa tumaki yunwar hunturu.
Namu haka ya yi mana bara.

Na fara da dillali.
Ya nuna mini wani ja, yana sheƙi kamar an lashe shi,
kyan ɗan maciji.
Na durƙusa, na sa farce a ƙarƙashin cikinsa,
fenti ya ɓare, tsohuwar walda ta leƙo.
Agogon ƙirga ya ce dunƙule dubu tara ya taɓa naɗewa,
haƙoran tsintar ciyawa suka ce dubu arba'in.
Da haƙora na yarda.

Na biyu ƙato ne, lafiyayye, ban ga aibunsa ba,
sai nauyi.
Taraktata ƙarama ce,
a gangara kuwa mai nauyi shi ke tuƙi.
Na ga ranar da inji ya tura Gethin har katangar dutse,
birki na kuka, ba mai jin sa.
Har yau yana ɗingishi.

Na ukun a rumfar Nesta yake, ƙetaren rafi,
shekara biyu ke nan da rasuwar Iorwerth.
Koren ya koɗe, kaza ta yi ƙwai a bakinsa.
Amma sarƙa da danshin mai,
tayoyi masu faɗi, ba tsaga,
ƙofar baya na rufuwa kamar leɓe a kan leɓe.
Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan littafi
duk shatin yatsu:
ranar giris, ranar sauya sarƙa,
ranar da dutse ya karya haƙori uku,
shekara goma sha ɗaya, ba tsallake.

Na ce ba na cinikin biri a sama.
Muka ɗaura shi, ya yi ta juyi rabin awa,
na kashe, na bi boris ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu
kamar mai duba zazzaɓin yaro.
Duk sanyi, sai na hagu.
Ta ce, "Ya san da shi. Duba shafin ƙarshe."
Ga shi kuwa da rubutunsa mai karkata:
na hagu, kafin bazara.

Ta ce fam dubu uku da ɗari biyu.
Na ce ɗari biyun na boris ne.
Ta yi shiru, tana kallon ɗan filinta da ciyawa ta kai gwiwa.
"Na sallama, in za ka fara da wancan."

Har na tayar, ta ɗaga murya:
"Kada ka sauke dunƙule fuskarsa na kallon kwari.
Ka gicciye, ka jira ya zauna."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani.
Ranar farko, dunƙule na bakwai,
hadari na haɗowa, ina sauri,
na buɗe ƙofa a miƙe.
Ya fito a hankali, ya yi kamar zai tsaya,
sai ya tuna hanya.
Ya tsallake shinge, ya watsa tumaki,
ya faɗa rafi ya zauna, ruwa na ratsa shi.

Da dare na buɗe littafin,
ƙarƙashin layin Iorwerth na rubuta:
na hagu, an sauya.
Dunƙule sittin da ɗaya a rumfa,
ɗaya a rafi.
Laifin ba na inji ba ne.